Fasali A Kan Mayafi, Da Masu Auna Addini Da Launin Tufa

Bismillahir Rahmanir Rahim. Godiya ta tabbata ga Allah da ya saukar mana da tufa domin sutura da ƙawa. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, ya kai almajiri, ka sani wata fitina ta kunno kai. Waɗansu masu guntun karatu suna cewa duk matar da ba ta sa baƙar abaya ba, ba ta suturta ba. Wannan magana ba ta da asali. Duba Suratun Nur aya ta 31, da Suratul Ahzab aya ta 59. An umurci muminai mata da sauko da mayafi bisa ƙirji da lulluɓe jiki, ba a ambaci launi ba, balle garin masaƙi. Sharaɗin malamai shi ne ya rufe, ya yi kauri, ya yalwata, kada ya zama abin jan ido. Saura kuwa al'ada ce.

Matar Barno da laffayarta, matar Sudan da tobinta, kakanninmu da baƙin zane rinin Ƙofar Mata, duk sun suturta. Nana Asma'u 'yar Shehu, wadda ta rasu a 1864, malfa da jan ƙyalle take naɗa wa jajinta, malamai mata masu karantarwa a ƙauyuka. Ka fi ta sanin hukunci ne?

Amma kai ɗan kasuwa, kada ka ce an wanke ka, domin ɓarnar gaskiya tana rataye a rumfarka ta Kantin Kwari: gyale shara-shara, wanda ake hango kitso ta cikinsa. Ka sa masa sabon suna, ka ninka kuɗi, kana zuga mata da cewa shi ake yayi. Sai ta ci bashi don ankon biki, ta yi ɗaurin ture-ka-ga-tsiya, ta saɓa gyale a kafaɗa, wuya a waje. Baƙi ne ko ja, wannan ba lulluɓi ba ne, gasa ce, kuma kana da kamasho a cikin laifin.

To ga ma'auni. Ɗaga mayafin ga rana, sa hannunka bayansa. In ka ƙirga yatsunka, kada ka sayar da shi da sunan sutura.

Allah ya suturta mu duniya da lahira, amin. Tammat bi hamdillahi.