Gano Sankara Daga Jini Ko Fitsari: Ina Rabon Mutanen Alsawra?

Tun da yaƙi ya ɓarke a Sudan ranar 15 ga Afrilun 2023, asibitin Al-Nau da ke unguwar Alsawra ya kasance cikin 'yan asibitocin da suka ci gaba da aiki a Omdurman. Masu raunin harsashi da ɓaraguzan bom ne suka cika shi. Amma ciwon daji bai jira a ajiye makamai ba. Babbar cibiyar gashin sankara ta Khartum, wadda aka buɗe a 1967, ta daina aiki. Ta Jami'ar Jazira a Wad Madani ta ɗauki nauyin, har faɗa ya isa garin a Disambar 2023. Daga nan majinyata suka riƙa nufar Marawi ko su tsallaka Masar, cikinsu har da 'yan'uwanmu Hausawan Sudan.

A wannan hali ne muke jin labarin wata sabuwar hanyar gano cutar. Ƙwayoyin halittar jikinmu suna fitar da wasu 'yan mitsi-mitsin jakunkuna da ake kira ekzozom, masu girman nanomita 30 zuwa 150. Sai an jera ɗaruruwansu kafin su kai kaurin silin gashi. An fara lura da su a 1983, aka ɗauka shara ce kawai ƙwayar halitta ke zubarwa. A 2007 masu bincike a Suwidin suka nuna cewa suna ɗauke da saƙonnin gado daga wata ƙwaya zuwa wata. Tunda ƙwayar sankara ma tana fitar da nata, suna yawo a jini da fitsari ɗauke da alamarta, ana iya kama su a karanta ba tare da an yanki tsokar mutum ba.

Maganar ta wuce mafarki. Tun 2016 ake amfani da gwajin fitsari mai suna ExoDx a Amurka, wanda ke taimaka wa likita ya san ko akwai buƙatar ɗibar tsoka daga prostat ɗin namiji. Sai dai mu yi hattara. A 2015 wani bincike a Amurka ya ba da sakamako mai ban sha'awa kan sankarar fankiriyas, amma binciken da suka biyo baya ba su yi ittifaƙi a kansa ba. Mafi yawan waɗannan gwaje-gwaje suna ɗakin bincike har yanzu. Duk wanda ya tallata mana gwaji ɗaya da ke gano kowace sankara, mu tambaye shi hukumar da ta amince da shi.

Akwai kuma batun kayan aiki. Tace waɗannan jakunkuna kan buƙaci na'ura mai juya jini da gudun gaske, da firji mai tsananin sanyi, da wutar da ba ta ɗaukewa. Ko an samu duka, gano cuta ba magani ba ne. Matar da aka gaya wa tana da sankarar mama, alhali babu na'urar gashi kusa da ita, an ƙara mata damuwa ne kawai. Shi ya sa muke ganin farfaɗo da cibiyoyin Khartum da Wad Madani shi ne kan gaba.

Mu ma akwai abin da ke hannunmu. Sankarar mama ce ta fi yawa tsakanin matan Sudan, kuma akasari ba sa isa asibiti sai ta yi nisa, kamar yadda muke gani a Kano da Maraɗi. Kunya, da tsoron kuɗi, da ɗora komai kan sammu suna cinye watannin da magani zai yi tasiri. Kullutu a mama, ko jini a fitsari ko bahaya, ko ramewa babu dalili, duk abin kai wa likita ne da wuri. Magidanta su ba da izini da kuɗin mota, limamai su tunatar cewa neman magani bai saɓa wa tawakkali ba.

Ɗalibanmu kuwa, fagen kimiyyar gwaje-gwaje yana jiran ku. Gwajin da aka auna a jikin wasu al'ummu sai an tabbatar da shi a jikin namu, kuma ku ne za ku yi wannan aikin.

Allah Ya kawo wa Sudan zaman lafiya, Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi.