Koke ta Intanet: Wa Zai Ji Kukan Mutumin Jibiya?

Bahaushe bai ɗauki kuka a matsayin abin da ake ajiyewa a tafi ba. Kuka kai shi ake yi, a ji shi, sannan a share wa mai shi hawaye. Haka kuma harshenmu ya bambanta ƙorafi da koke da ƙara. Ƙorafi kan tsaya a bakin mai shi ko a majalisar abokai, koke ana kai shi gaban wanda yake da ikon gyara, ƙara kuwa sai gaban alƙali. Na fara da wannan ne, ya mai karatu, domin a 'yan shekarun nan hukumomi sun yawaita buɗe shafukan intanet na karɓar koke-koken jama'a, kuma ina ganin ya dace mu auna su da ma'aunin garin iyaka irin Jibiya, inda talaka ke cin karo da gwamnatin tarayya kowace safiya.

Kafa hukumar jin koke ba sabon abu ba ne a Nijeriya. A 1975 gwamnatin Janar Murtala Muhammad ta kafa Hukumar Karɓar Koke-koken Jama'a, wadda marigayi Alhaji Yusuf Maitama Sule, Ɗanmasanin Kano, ya fara shugabanta. A 2004 Shugaba Obasanjo ya fito da SERVICOM domin ma'aikatu su riƙa cika wa jama'a alkawarin aiki. Dokar 'yancin samun bayanai ta 2011 ta ba hukuma kwana 7 ta amsa wa mai neman bayani. Daga baya majalisar sauƙaƙa harkokin kasuwanci ta fadar shugaban ƙasa, wato PEBEC, wadda aka kafa a 2016, ta buɗe dandalin ReportGov, inda mutum zai rubuta kokensa kan wata hukumar tarayya, bisa ƙa'idar a duba shi cikin awa 72. A takarda dai babu abin kushewa. Direban da aka tatsa a shinge ba ya bukatar zuwa Abuja, wayarsa ta ishe shi.

To, amma bari mu dubi abin da ya faru a Jibiya. A watan Agustan 2019 gwamnatin Shugaba Buhari ta rufe iyakokin ƙasa. A Nuwamban shekarar aka hana kai man fetur gidajen man da ke cikin kilomita 20 daga iyaka, matakin da ya faɗa kan garin kai tsaye. Da aka buɗe iyakoki huɗu a Disambar 2020, ciki har da Illela da Maigatari, ba a sa Jibiya ba, sai a Afrilun 2022. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 a Nijar aka sake garƙame ta, har zuwa Maris na 2024. Duk wanda ya san zumuncin Katsina da Maraɗi, da yadda auratayya da fatauci suka ɗinke Magama da Ɗan Isa, ya san cewa ba hanyar mota kaɗai aka toshe ba. 'Yan dako da direbobi da masu sayar da abinci a tasha da dillalan hatsi da na dabbobi, kowa ya ji a jikinsa.

A nan ne nake ganin gurguncin wannan tsari, ta fuska uku. Ta farko ita ce harshe. An gina waɗannan shafuka ne da Turanci, ana kuma so mai koke ya zayyana abin da ya same shi a rubuce. Mutumin da ya sauke Alƙur'ani, yake rubuta lissafin kasuwancinsa da ajami, yake ciniki da Hausa daga Katsina har Damagaram, a gaban irin wannan shafi ya zama bebe. Dole ya nemi wani yaro ya rubuta masa, kamar yadda kakanninsa suke zama gaban marubucin wasiƙa a ƙofar gidan waya. Kuma duk wanda ya san aikin fassara ya san cewa koken da ya ratsa bakin wani yakan isa da rabin zafinsa. Alhali kuwa sashe na 55 na kundin tsarin mulkin 1999 ya ambaci Hausa da Ibo da Yarbanci a cikin harsunan da Majalisar Tarayya za ta iya aiki da su. Idan majalisa za ta iya, me zai hana shafin jin koke?

Ta biyu ita ce hanyar sadarwar kanta. A watan Satumbar 2021 aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na Jihar Katsina saboda yaƙi da 'yan bindiga, Jibiya na ciki, aka kuma shafe watanni a haka. Ba ina jayayya da dalilin tsaro ba ne. Abin lura shi ne, a daidai lokacin da mutane suka fi bukatar a ji su, a lokacin ne ƙofar ta rufe. Rijiya ta bayar, guga ya hana.

Ta uku, wadda ta fi nauyi, ita ce irin koken da ake karɓa. An tsara ReportGov ne domin jinkirin aiki da neman na goro da makamantansu. Amma babban ciwon mutumin iyaka daga manufar gwamnati yake fitowa, ba daga ƙaramin ma'aikaci ba. A wane gurbi zai rubuta cewa dokar kilomita 20 ta kashe masa sana'a? A Ingila, tun 2015, duk koken da ya sami sa hannun mutum 10,000 a shafin majalisa wajibi ne gwamnati ta ba da amsa, idan ya kai 100,000 a duba yiwuwar tafka muhawara a kansa. Darasin ba yawan sa hannun ba ne, tilascin amsar ne. A wajenmu kuwa, bisa al'adar majalisa, koke kan shiga zaure ne ta hannun ɗan majalisa, wato sai wakilinka ya ga dama.

Akwai kuma tsoro. Direban da ke bin hanyar Katsina zuwa Jibiya kullum, idan ya rubuta sunansa da lambar wayarsa ya kai ƙarar jami'in da ke shinge, gobe ma ta gabansa zai wuce. Shirunsa ba yarda ba ce, kare tuwon iyalinsa yake yi.

Saboda haka shawarata ga hukumomi ita ce, a buɗe hanyar aika koke da murya cikin Hausa, tunda saƙon murya na WhatsApp ya riga ya zama wasiƙar talaka, a kuma ɗauki ma'aikatan da suka ƙware a harshen su saurara. A ajiye teburin Hukumar Karɓar Koke-koke a Magama ranar kasuwa, domin wanda ba shi da babbar waya. A ɓoye sunan mai koke daga wanda ya kai kuka a kansa. Sannan duk wata uku a karanta a rediyo koke nawa aka karɓa daga kowace iyaka, nawa aka warware, wane mataki aka ɗauka. Ƙungiyoyin direbobi da 'yan kasuwa su ma su riƙa tattara kukan 'ya'yansu da rana da wuri da shaida, su aika da sunan ƙungiya.

Kukan kurciya jawabi ne, in ji Hausawa, mai hankali ke ganewa. Na'ura za ta iya ɗaukar kuka ta ba shi lamba, amma share hawaye aikin shugabanni ne. Allah Ya ba su kunnen ji, Ya zaunar da iyakokinmu lafiya, amin.