Farautar barewa a Amurka: Girman harsashi ba ya maye gurbin iya saiti

A duk watan Nuwamba, da zarar ganye ya kaɗe sanyi ya kankama, shagunan sayar da bindiga a arewacin Amurka kan cika da masu shirin shiga daji. A Jihar Michigan ranar 15 ga wata ake buɗe farautar barewa da bindiga, a Wisconsin kuwa kwana tara kacal ake bayarwa na babbar farautar shekara. Tambayar da sabon maharbi kan fara yi a gaban kanta ita ce: wace bindiga ce ta fi ƙarfi?

Daga wannan tambaya kuskuren ke farawa. Abin da ya kamata ya tambaya shi ne, wace bindiga ce zai iya saitawa daidai ba tare da ya runtse ido ba.

Lambobin da ake kiran harsasai da su suna da ma'ana. Idan aka ce .30, ana nufin kaurin harsashin ya kai kashi 30 cikin 100 na inci, wato milimita 7.62. Harsashin .30-06 ya samo ƙarshen sunansa daga 1906, shekarar da sojojin Amurka suka fara amfani da shi. Kamfanin Winchester ya fito da .30-30 a 1895, da .270 a 1925, da .308 a 1952, sai .243 a 1955. Daga baya kamfanin Hornady ya kawo 6.5 Creedmoor, wanda matasan maharba ke rububinsa. Kowane ɗaya daga cikinsu yana kayar da barewa. Sun bambanta ne a nisan da suke kaiwa, da tsadarsu, da irin naushin da suke yi wa kafaɗar mai harbi.

Naushin nan shi ne abin da mai saye ba ya gani a kanti. Duk bindigar da ta tura harsashi gaba da ƙarfi, sai ta komo baya gwargwadon haka. Bindigar .243 ba ta wuce kusan rabin naushin .30-06 ba, ita kuwa .300 Winchester Magnum, wadda ta fito a 1963, ta fi su duka duka da ƙara. Mutumin da bindiga ta saba bugunsa, jikinsa kan koyi tsoro ko da zuciyarsa ba ta yarda ba. Kafin ya gama danna kunama ya riga ya ƙanƙame kafaɗa, ya fizgi yatsa, bakin bindiga ya goce. Gocewar da ba ta kai kaurin tsinke ba a hannu takan zama taƙi guda a nisan mita 100.

Barewa mai farar wutsiya, wadda aka fi farauta a Amurka, ba dabba ce mai kaurin fata ba. Wurin da ake nema shi ne huhu da zuciya, a bayan ƙafar gaba, kuma faɗinsa bai wuce na farantin cin abinci ba. Harsashin .243 da ya shiga nan zai kayar da ita cikin 'yan daƙiƙoƙi. Harsashin Magnum da ya goce ya shiga tumbi ba zai yi haka ba. Dabbar za ta ruga cikin duhuwa, ta kwana tana shan azaba, ta mutu inda babu mai ganinta, naman kuma ya lalace. Maharbi ya yi asara, dabba ta wahala a banza, masu adawa da farauta sun samu abin faɗa.

Wannan batu ya wuce sha'awar mutum ɗaya, domin farauta a Amurka tana tsaye ne a kan amincewar jama'a. A farkon ƙarni na 20 barewar ta kusa ƙarewa saboda kisan kan mai uwa da wabi. Dokokin lokacin farauta da kuɗin lasisi ne suka dawo da ita, tare da dokar Pittman-Robertson ta 1937, wadda a ƙarƙashinta ake karɓar harajin kashi 11 cikin 100 a kan bindigogin farauta da harsasai ana raba wa jihohi don kula da namun daji. A yau barewar ta kai miliyoyi. Duk maharbin da ya bar dabba da rauni a daji saboda ya ɗauki bindigar da ta fi ƙarfinsa, yana zubar da mutuncin wannan tsari ne.

Masu son manyan harsasai suna da hujjarsu, kuma ba ta banza ba ce. Sun ce a filayen Wyoming da Montana, inda babu itatuwa kuma iska ke kaɗawa, barewa ba ta bari a matso ta, don haka ana buƙatar harsashin da zai yi nisa bai sunkuya ba. Sun kuma ce mai ƙaramin ƙarfi bindiga ɗaya zai iya saye, gara ya sayi wadda za ta yi masa har da manyan dabbobi. Gaskiya ne wuri yana da tasiri. Amma ko a waɗannan filaye, .270 ta daɗe tana biyan buƙata. Marubucin nan Jack O'Connor na mujallar Outdoor Life ya shafe shekaru yana farauta da ita a duwatsun yammacin ƙasar, har sunansa ya haɗu da nata. Mai son bindiga ɗaya tilo kuma .308 ko .30-06 sun ishe shi. A dazuzzukan gabas, inda galibi ake harbi a ƙasa da mita 100, tsohuwar .30-30 ba ta gaza ba har yau. Da tsohuwar zuma ake magani.

Haka kuma ba a ce a koma ga mafi ƙanƙanta ba. Akwai iyaka ta ƙasa, kuma doka ce ke shata ta. A Ingila, dokar barewa ta 1991 ta hana harbin manyan nau'o'in barewa da bindigar da kaurin harsashinta bai kai .240 ba. A Amurka kowace jiha da nata sharaɗin. Ohio da Iowa, masu shimfiɗaɗɗiyar ƙasa da gidaje a tsakanin gonaki, sun karkata ga harsasai masu miƙaƙƙen kwanso waɗanda ba sa tafiya da nisa sosai, abin da ya sa Winchester ya ƙera .350 Legend a 2019. A wannan shekarar ce kuma Kalifoniya ta kammala haramta farauta da harsashin dalma, saboda gubar da ungulaye ke ci a cikin ragowar gawar dabba. Don haka littafin dokar jiha ya kamata maharbi ya fara buɗewa kafin takardar tallar kamfani.

Sai batun aljihu. Harsasan Magnum sun fi tsada, kuma wanda harsashi ya yi wa tsada ba ya yawan gwaji. Harsasan .308 da .30-06 da .243 kuwa ana samun su ko a ƙaramin shagon ƙauye. Kuɗin da mutum zai ƙara don sayen babbar bindiga, gara ya sa shi a madubin hange mai kyau da kwalayen harsashi na atisaye. Ba a fafe gora ranar tafiya. Wanda bai taɓa harba bindigarsa ba sai jajibirin farauta, bai san inda take jefa harsashi ba.

Akwai gwaji mai sauƙi da zai raba gardama. A kafa faranti na takarda a nisan da mutum ke tunanin zai yi harbi, ya harba sau biyar, ba a kan tebur ba, a durƙushe ko a jingine da itace kamar yadda zai yi a daji. Idan duka biyar sun shiga, bindigar tasa ce, nisan ma nasa ne. Idan biyu sun fita, ko dai ya rage nisa ko ya rage harsashi.

Mai kanti zai so ya sayar da mafi tsada, abokai kuma za su yaba mafi ƙara. Amma a safiyar farauta babu ɗayansu a wurin. Maharbi ne kaɗai da yatsansa a kan kunama, sai dabbar da hakkinta a kansa shi ne ya gama da ita da harbi ɗaya.