Gemu Ba Ya Hana Koyon Sabon Kiɗa

Akwai wata magana da ta zama ruwan dare a bakin manya a Damargu, daga Tanut har Belbeji, duk inda aka zauna hirar kiɗa da waƙa. Da zarar tsohon makaɗi ya ɗauki wani kayan kiɗa da ba a san shi da shi ba, ko ya fito da sabon salo bayan ya daɗe ba a ji ɗuriyarsa ba, sai ka ji ana cewa tsoho ya zubar da girmansa, ya bi yara, ya ɓata gado. Masu wannan magana su ne dai waɗanda za su kwaɗa wa ɗansu mari in suka kama shi yana taɓa gurmi a bayan gida. Kuma su ne za ka ji suna kuka cewa yaran zamani ba su san waƙa mai ma'ana ba. Ni dai ina ganin waɗannan halaye uku ba sa zama a tukunya ɗaya, kuma tunda mu iyaye da malaman lakwal ne muka fi kowa riƙe su, da mu nake magana yau.

Bari in fara da mutumin da ya fi kusa da mu, wato marigayi Malam Maman Barka. An haife shi a Tasker, gabas da mu, cikin wannan jaha tamu ta Damagaram, a ƙarshen shekarun 1950. Batube ne, kuma malamin makaranta ne kamar da yawa daga cikin masu karanta wannan shafi, alli ya fara riƙewa kafin duniya ta san shi da waƙa. Da gurmi mai tsirkiya biyu ya yi suna a Nijar da arewacin Najeriya, har ya kai matsayin da zai iya miƙe ƙafa ya ci gaba da maimaita abin da aka saba ji daga gare shi har ƙarshen ransa, ba mai ce masa don me.

Amma a shekarar 2002, yana da shekaru sama da arba'in, sai ya samu tallafin hukumar UNESCO ya tafi bakin tafkin Cadi, ya durƙusa gaban wani tsoho mai suna Bukar Tar, wanda ake ɗauka shi ne gwani na ƙarshe da ya rage a kiɗan biram. Biram kayan kiɗa ne na masunta Buduma, mai tsirkiya biyar, an sassaƙa shi da siffar kwalekwale, kuma a lokacin ya kusa bin tsofaffin da suka iya shi zuwa kabari. Mutumin da ake tafa wa a dandali ya koma ɗalibi, ana gyara masa yatsa, ana ce masa sake. Daga baya biram ɗin Bukar Tar ya dawo hannunsa. A 2009 wani kamfanin Ingila ya fitar da faifansa na biram, tare da makaɗinsa Umaru Adamu, kuma ya kai wannan kiɗa har ƙasashen Turai kafin rasuwarsa a watan Nuwamba na 2018.

To ina tambayar masu cewa sauya salo ɓata gado ne: da Malam Maman Barka ya ji tsoron bakinku ya tsaya a kan gurminsa, wa zai ji sautin biram a yau? Sauyin da ya yi shi ne ya ceci gadon wata al'umma sukutum. Kuma ku lura da hanyar da ya bi, domin ita ce jigon maganata. Ya sabunta kansa ne ta hanyar komawa makaranta yana da furfura.

Haka abin yake ko a wajen Turawa. A Ingila akwai wani reshe na kiɗan rok da ya yi tashe a farkon shekarun 1970, mai dogayen waƙoƙi da sarƙaƙƙen kiɗa, waƙa ɗaya tana iya cinye fuskar faifai gaba ɗaya. Ɗaya daga cikin manyan ƙungiyoyinsa, King Crimson, ta fito da faifanta na farko a 1969, ta watse a 1974. Jagoranta Robert Fripp ya janye daga dandali na wani lokaci, ya shiga wata makarantar tarbiyyar kai a matsayin ɗalibi. Da ƙungiyar ta dawo a 1981 da faifan Discipline, kunnen tsofaffin masoyanta bai gane ta ba: jita biyu suna saƙa da juna kamar zaren masaƙa, salon da ya ɗebo daga kiɗan gamelan na Indunusiya da jerin gangunan Afirka. Wasu sun yi gunaguni, amma yau ana lissafa faifan cikin mafi ingancin ayyukansu, kuma a 1985 Fripp ya buɗe darussan koyar da jita da ya daɗe yana gudanarwa. Ita ma ƙungiyar Yes ta watse a 1981, ta dawo a 1983 da faifan 90125 mai gajerun waƙoƙi da sautin na'urorin zamani, har waƙa ɗaya daga ciki ta hau matsayi na farko a Amurka. Har gobe masoyansu na gardama kan ko wannan ci gaba ne ko neman kasuwa, kuma gardamar tana da amfani, domin mutanen da suka san kiɗa ne suke yin ta.

Mu dawo kusa da gida. Ƙungiyar Abzinawa ta Tinariwen, wadda tushenta ya koma wajen 1979, da jitar lantarki duniya ta san ta. Bayan kusan shekaru talatin sai suka jingine lantarkin, suka kafa tanti a hamadar kudancin Aljeriya, suka ɗauki faifan Tassili da jitar katako da tafi, tare da baƙi daga Amurka. Faifan ya fito a 2011, ya ci lambar Grammy a 2012. A 2023 kuma suka sake fitowa da Amatssou, inda suka gayyato masu kiɗan karkarar Amurka. Duk da haka, wanda ya san kiɗan tende na matan Abzinawa zai ji bugunsa a ƙarƙashin komai. Nan Nijar ma, a 2004 Abzinawa da Fulani Wodaɓe suka haɗa ƙungiyar Etran Finatawa, suka aurar da jita da waƙar tafi da ƙwarya. Wannan haɗi ai hoton kasuwanninmu ne na Damargu, inda Bahaushe da Badagire da Ba'abzine da Bafulatani suke cin kasuwa ɗaya tun zamanin ayarin raƙuma tsakanin Damagaram da Agadas. Mutanen da kakanninsu suka tashi cikin irin wannan cuɗanya bai kamata su zama masu tsoron aro ba.

Na san abin da za a ce mini, kuma ba zan kauce masa ba. Za a ce ai mun ga sauyin da ake yi yanzu: tsohon mawaƙi ya sallami makaɗansa da 'yan amshinsa, ya shiga sutudiyo inda yaro ɗaya da fiyano da kwamfuta zai haɗa masa kiɗa cikin yini guda, a matse masa murya da na'ura har ba ka bambanta shi da ɗan shekara ashirin. Wannan gaskiya ne, kuma ni ma ba na kiran sa sabuntawa. Mai yin haka bai koyi komai ba, ya dai rage kuɗin da yake raba wa mutane ne, ya jefar da abin da shi kaɗai ya iya ya ɗauki abin da kowa ke da shi. Amma laifin ba na na'urar ba ne. Ku dubi Mdou Moctar, ɗan jahar Tawa, wanda ya harhaɗa jitarsa ta farko da wayar birkin keke saboda gidansu ba sa son ya yi kiɗa. Faifansa na farko, Anar, a Sakkwato ya ɗauke shi a 2008, cike da na'urar gyaran murya irin ta waƙoƙin finafinan Hausa, kuma ta katin waya waƙoƙin suka zagaya Sahel. Yau ana lissafa shi cikin gwanayen jita na duniya. Na'urar ba ta kashe shi ba domin akwai gwaninta a yatsunsa tun kafin ya shiga sutudiyo. Wanda na'ura ke haɗiyewa shi ne wanda ya je mata hannu rabbana.

Za a kuma ce mini, Mamman Shata bai bar kalangu ba har ya rasu a 1999, Ɗan Maraya Jos bai bar kuntigi ba har 2015, kuma ba wanda ya isa ya ce sun gaza. Haka ne. Ban ce dole kowane tsoho ya sauya kayan kiɗa ba. Amma duk wanda ya saurari waɗannan mutane da kunnen basira ya san ba su taɓa daskarewa ba: kayan kiɗan ne ɗaya, jigon waƙa kuwa yana tafiya da zamani, daga noma zuwa mota zuwa zaman aure zuwa halin talaka. Su ma kullum cikin koyo suke, daga bakin jama'a da abin da idonsu ya gani. Saboda haka kafa hujja da su don a hana wani motsi zalunci ne gare su.

Yanzu ga inda abin ya shafe mu kai tsaye. Sabuntawa irin ta Maman Barka tana buƙatar abu biyu: tsohon da ya iya, da mai koyon da aka bari ya zauna gabansa. A Damargu muna kashe duka biyun. Tsohon mai goge ko mai gurmi, ko tsohuwar da ta iya imzad, mun daina kiran su biki, domin ya fi sauƙi a ɗauko yaro da lasifika da janareta ya sa katin waya. Yaron da ya nuna sha'awa kuma mun ce masa kiɗa aikin maroƙa ne, ɗan gidan mutunci ba ya yi. Mun rufe ƙofa ta gaba, mun rufe ta baya, sannan muna mamakin yadda ɗakin ya yi duhu. Laifi tudu ne, mun taka namu muna hango na yara.

Ba da wanda ya bar kiɗa gaba ɗaya saboda fahimtarsa ta addini nake jayayya ba. Wannan ya tsaya a kan matsayinsa, kuma ina girmama shi. Jayayyata da mu ne masu sauraron tsofaffin kaset a ɗaki, masu gyaɗa kai in an sa Ma'azu Ɗan Alalo a rediyo, masu liƙa kuɗi a biki, amma muna ƙyamar hannun da ke yin abin da muke jin daɗinsa. Yaro yana ganin wannan fuska biyu. Darasin da yake ɗauka shi ne cewa gwaninta abin kunya ce, kuma mutum in ya girma ya gama koyo. Wannan darasi na biyu ya fi na farko haɗari, domin ba a kiɗa kaɗai zai tsaya ba. Yaron da ya ga ana yi wa dattijo dariya don ya koyi sabon abu, shi ne gobe zai zama manomin da ba ya karɓar sabon iri ko da damina ta gajarta, ko malamin da ke karantar da darasi daga littafin da ya kwafa shekara ashirin da suka wuce.

Waɗanda suka yi zamanin Samariya a mulkin Seyni Kunce suna tuna yadda kowace jaha ke shirya ƙungiyarta ta kiɗa da rawa da wasan kwaikwayo don bikin matasa na ƙasa, da yadda malaman lakwal ke cikin masu horar da yaran. Gasar Ɗan Gurmu ta Tawa da cibiyar koyar da kiɗa ta Elhaji Taya a Yamai duk shaida ce cewa ƙasar nan ta taɓa ɗaukar abin da muhimmanci. Ba sai mun jira gwamnati ta dawo da wancan zamani ba. A tsarin makarantun firamare akwai lokacin ayyukan hannu da ake kira APP, wanda a wurare da yawa ya koma shara da ɗiban ruwa. Me zai hana darakta da kwamitin COGES su gayyato tsohon makaɗin garin sau ɗaya a wata, a ba shi ɗan abin goro, ya nuna wa yara yadda ake ɗaure fata a ƙwarya da yadda ake ɗaura tsirkiya? A nan akwai lissafin awo, akwai ilimin sauti, akwai tarihin gari, akwai Hausa da Tamashek da Fulfulde da Barbarci waɗanda ba sa cikin kowane littafi. Wayar da muke zagi ita ma tana ɗaukar murya: a sa 'yan kolej su ɗauki tsofaffin unguwarsu, a kai wa gidajen rediyon karkara su watsa.

Ku kuma iyaye, abin da nake roƙo bai kai haka wuya ba. In za ku yi suna ko aure, ku kira mai kiɗan hannu ko da na awa ɗaya ne kafin a kunna lasifika. In tsohon mawaƙi ya dawo da sabon salo, ku saurara kafin ku yanke hukunci, ku tambayi kanku ko ya koyo wani abu ne ko ya zubar da wani abu ne, ku yaba na farko ku soki na biyu a gaban 'ya'yanku domin su koyi bambancewa. In kuma kun tarar da ɗanku yana ɗaura waya a gwangwani, ku tambaye shi wa yake kwaikwaya, ku sa masa sharaɗin karatu, ku nema masa wanda ya iya.

Bahaushe ya ce da tsohuwar zuma ake magani, amma zumar da aka rufe a tulu aka hana kowa taɓawa ba ta warkar da kowa. Bukar Tar ya samu wanda ya zo ya karɓa kafin ya tafi. Tsofaffinmu na Gangara da Tarka da Olelewa da Tanhiya suna nan zaune da abin da ke kansu, kuma kowace shekara ana rage su. Allah ya ba mu ikon tura musu ɗalibai tun suna da ƙarfin koyarwa.