Ra'ayi: Tattakin ƙungiya ba na 'yan birni kaɗai ba ne, Dudunni ma na buƙatarsa

Duk ranar Asabar da sassafe, matasa a Abuja da Jos kan haɗu ƙungiya-ƙungiya, kowa da gorar ruwansa, su nufi duwatsun da ke kewaye da garuruwansu. Na Jos suna da duwatsun Shere, na Abuja kuwa duk inda suka juya dutse ne. Kafin azahar hotunan sun cika Facebook da TikTok.

Manomin Dudunni da ke ƙaramar hukumar Kusada a Jihar Katsina, idan ya ga waɗannan hotuna a waya, ba mamaki ya yi dariya. Shi da ya tashi yana zuwa gona a ƙasa, ya dawo da damin kara a ka, yanzu a ce masa tafiya a ƙasa ta zama abin ado? Dariyar tasa tana da hujja. Sai dai duk da haka, gari irin Dudunni ya fi Abuja buƙatar ƙungiyar masu tattaki, kuma dalilin ya wuce motsa jiki.

Maganar lafiya ba ta buƙatar dogon bayani. Babur ya shiga kowane lungu. Malamin makaranta, ma'aikacin sakatariya da mai shagon da ke wuni a kan benci, duk sun daina tafiyar da iyayensu suka yi, ga hawan jini da ciwon suga sun daina zama cutar masu kuɗi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce baligi na buƙatar aƙalla minti 150 na motsa jiki matsakaici a mako. Tafiyar safe biyu masu kyau sun biya wannan.

Babban dalilin shi ne hanyoyin kansu. Tsakanin kowane ƙauye da maƙwabcinsa a ƙasar Kusada da Kankiya akwai turba, akwai kuma burtali, wato hanyar da aka ware wa dabbobi su bi zuwa makiyaya da mashaya ba tare da sun shiga gonar kowa ba. Ba a rana ɗaya ake cinye burtali ba. Bana mai gonar dama ya ƙara kunya ɗaya, baɗi na hagu ya ga ba a ce komai ba shi ma ya ƙara biyu. Bayan shekara goma, inda garke ke wucewa a sake ya koma inda amalanke ke shiga da ƙyar. Ranar da saniya ta kai baki kan dawar wani, sai a ce rikicin manoma da makiyaya ya tashi, kamar daga sama ya faɗo.

Tun 1965 gwamnatin Jihar Arewa ta yi dokar keɓe wuraren kiwo. Dokar tana nan a takarda. Abin da ya yi ƙaranci shi ne idon da zai riƙa ganin hanyar a kai a kai, da bakin da zai ce, "Bara nan ya fi haka faɗi." Mai babur da ke gudu a kan kwalta ba zai gani ba. Mutum ashirin da ke bin burtalin a ƙasa duk mako biyu za su gani, kuma da wuya a ƙaryata mutum ashirin a gaban dagaci.

An taɓa yin irin wannan a Ingila. A watan Afrilun 1932, ɗaruruwan mutane, akasarinsu ma'aikata daga birnin Manchester, suka hau tudun Kinder Scout da gangan, wurin da masu ƙasa suka hana talaka shiga. Aka ɗaure biyar daga cikinsu. Bayan shekara uku, a 1935, aka kafa ƙungiyar masu tattaki ta ƙasar baki ɗaya. A 1949 aka yi dokar da ta tilasta wa hukumomi zana hanyoyin ƙafa a taswira, sannan a 2000 aka ba jama'a 'yancin yawo a tuddai da filayen da ba a nomawa. Masu fita shan iska a ƙarshen mako ne suka ja wannan gwagwarmaya har ta kai ga doka.

Kuma ba sai an je aro daga Turai ba. Ƙasar Hausa ta daɗe da nata tsarin: farauta. Da rani, bayan an kawar da amfanin gona, a sa rana, a faɗi mahaɗa, a fita da shugaba wanda idan ya ce a tsaya an tsaya, a dawo tare a ƙirga kai. Duk abin da ƙungiyar tattaki ke buƙata yana cikin wannan tsari. A cire kare da gora da adda, a bar tafiyar da ladabinta. Naman dajin ma dai ya ƙare, zomo ɗaya ake bi da mutum hamsin.

To, sai babbar tambaya, wadda duk wani uba a Katsina zai fara yi: wa zai tura ɗansa daji a wannan zamani? Ba tambayar raini ba ce. Babu wanda ya manta da Disambar 2020, lokacin da aka kwashe ɗalibai sama da 300 daga makarantar sakandaren kimiyya ta Ƙanƙara. Matsalar da aka sani a Batsari, Safana, Ɗanmusa da sauran garuruwan bakin dajin Rugu ta matso a 'yan shekarun nan har yankin Matazu da Musawa da Kankiya. Duk wanda ya kawo shawarar tattaki bai sa wannan a gaba ba, bai san inda yake ba.

Amsar ita ce ba daji za a shiga ba. Hanyoyin da ake magana su ne waɗanda mata ke bi zuwa biki, yara ke bi zuwa makaranta, masu tallar nono ke bi zuwa kasuwa. Idan waɗannan ma sun gagara bi da rana tsaka cikin jama'a, to ranar ba ranar fita ba ce, a zauna a gida. Amma barin su gaba ɗaya saboda tsoro shi ma yana da farashi. Hanyar da mutanen kirki suka daina bi ba ta zama babu kowa, wasu ne ke gadonta.

Don haka sharuɗɗan ba abin wasa ba ne. Kafin a fita, dagaci da masu unguwannin da za a ratsa su sani. Ofishin 'yan sanda ya sani, haka jami'an rundunar tsaron al'umma da Gwamna Dikko Umaru Raɗɗa ya ƙaddamar a Oktoban 2023. Kada a sanar da rana da hanya a Facebook ko a babban zauren WhatsApp, domin kowa ya san ɓarnar da masu kai wa 'yan bindiga rahoto ke yi. Hoto ya jira sai an dawo gida. Kuma kada kowa ya riƙe makami, ko da na ado ne. Kisan mafarauta 16 'yan Arewa a Uromi ta Jihar Edo a watan Maris na 2025 ya nuna yadda zargi ke saurin zama ajali idan aka ga baƙin fuska a tare. Ƙauyen da aka sanar da shi zai tarbi masu tattaki da ruwan sha. Wanda ba a sanar ba, yana da haƙƙin ya firgita.

Lokaci ma yana da nasa hukuncin. Da damina shuka na tsaye, ƙafa ashirin a gefen gonar gyaɗa ɓarna ce. A watan Maris da Afrilu rana ba ta da sabo. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu ne lokacin, a fita bayan sallar asuba, a dawo kafin hantsi ya yi zafi.

Wanda zai ja gaba bai kamata ya zama wanda ya fi kowa tsadar takalmi ba. A nemi dattijon da ya san ƙasar, a haɗa shi da makiyayin da ya san inda burtali ya faro da inda ya nufa. Su ne za su nuna wa yaro bambancin kanya da kaɗanya, su faɗa masa dalilin da ya sa gawo ke zubar da ganye da damina ya yi kore da rani, har manomi ke barin sa a tsakiyar gona. Su ne suka san kufan da aka tashi, da rijiyar da ta ƙafe, da ɗorawar da aka sare aka yi gawayi. Yaron da ya san sunayen 'yan wasan Arsenal goma sha ɗaya amma bai san aduwa ba idan ya gan ta, ba laifinsa ba ne, ba a taɓa fita da shi ba.

Mata ma kada a bar su a baya. Su yi tasu ƙungiyar, da tasu jagorar, a hanya mafi kusa da gari.

Masu sha'awar hawan dutse kuwa, ƙasar Kusada shimfiɗaɗɗiya ce, amma sau ɗaya ko biyu a shekara ana iya yin karo-karo a ɗauki mota. Ga dutsen da garin Dutsin-Ma ya samo sunansa, ga Dala da Gwauron Dutse a Kano, ga Kufena a Zariya. Wanda ya fi son tarihi, kaburburan sarakunan da ke Durɓi ta Kusheyi a ƙaramar hukumar Mani suna nan cikin jihar.

Haɗari ɗaya da ya rage shi ne na 'yan siyasa. Da zarar taron ya kai mutum hamsin, wani zai aiko da riguna da huluna masu hotonsa, daga nan rabin garin ya janye. Ƙungiyar ba ta buƙatar wannan kyauta. Kayan aikinta gorar ruwa ne, da waya mai caji, da littafi ɗaya na rubutu. A fitar farko, a tsaya a wurare uku ko huɗu a kan burtali, a auna faɗinsa da taku a gaban dagaci da ardo, a rubuta adadin da kwanan wata. Baɗi war haka a koma a sake aunawa.