Cutar da har yau ba mu raɗa mata suna ba

A damina ta bana mun yi rashin wani maƙwabcina a Samaru, magidanci mai 'ya'ya biyar da ke aikin kanikanci a Sabon Gari. Wani ƙarfe ne ya yanke shi a ƙafa, ya ɗaure wurin da tsumma ya ci gaba da aikinsa. Da zazzaɓi ya rufe shi sai aka nufi kemis, aka ba shi maganin maleriya, da bai ji sauƙi ba aka ƙara masa na taifot. A rana ta biyar ya fara sambatu, wasu suka ce iska ce. Kafin a yanke shawarar zuwa asibiti ƙodarsa ta daina aiki. A wurin zaman makoki, amsa ɗaya ake bai wa duk mai tambaya: gajeriyar rashin lafiya.

Wani likita abokina ne ya faɗa mini sunan abin da ya yi ajalinsa, wato sefsis, kalmar da ta samo asali daga Girkanci da ma'anar ruɓewa. A matsayina na ɗalibin harshe, abin da ya tsaya mini a rai shi ne ba mu da tsayayyar kalmar Hausa da za ta gargaɗi iyalinsa tun da wuri.

Kowa ya san maruru: wurin ya yi ja, ya ɗau zafi, ya kumbura, ya yi ta zogi. Wannan kumburi aikin jiki ne na kare kansa. Idan ƙwayar cuta ta shiga, fararen ƙwayoyin jini sukan saki wasu sinadarai masu kai saƙo, waɗanda likitoci ke kira saitokin, sai hanyoyin jini na wurin su buɗe, dakarun jiki su kwararo su yi wa cutar ƙawanya. Matuƙar faɗan ya tsaya a wuri ɗaya, alheri ne.

Masifar tana farawa ne idan wannan gangami ya game jiki duka. Hanyoyin jini su saki a ko'ina, ruwa ya riƙa tsiyayewa daga cikinsu, ƙarfin gudun jini ya faɗi, ƙananan gudaji su toshe siraran jijiyoyi. Daga nan ƙoda da huhu da hanta da ƙwaƙwalwa su rasa isasshiyar iskar oksijin, su fara gazawa ɗaya bayan ɗaya. Wanda ya haye wannan mataki kuma sau da yawa garkuwarsa takan galabaita, wata cutar ta same shi a sauƙaƙe. Shi ya sa a 2016 masana suka sake fayyace sefsis da cewa gazawar sassan jiki ce mai barazana ga rai, wadda martanin jiki da ya kauce hanya ke haddasawa. Ciwon huhu, gudawa, maleriya, ciwon mafitsara, gyambo, ko cutar da ta shiga mai jego ko cibiyar jariri, kowannensu na iya zama mafari.

Alƙaluman da mujallar Lancet ta buga a 2020 sun nuna cewa a 2017 an sami kimanin mutum miliyan 49 da suka kamu, miliyan 11 suka rasu, wato kusan ɗaya cikin kowace mutuwa biyar a duniya, kuma ƙasashen Afirka kudu da Sahara na cikin inda abin ya fi ƙamari. A shekarar 2017 ɗin ne Hukumar Lafiya ta Duniya ta zartar da ƙuduri a kanta, ana kuma tunawa da ita kowace ranar 13 ga Satumba.

Mu a nan kalmar zazzaɓi ta zame mana bargo, mun lulluɓe kowace cuta da ita. Wasu na cewa gubar jini, amma wannan yakan kai tunanin Bahaushe ga sammu ko abin da aka ci, sai a bazama neman makari. Hatta garkuwar jiki, wadda ta yaɗu a zamanin yaƙi da ƙanjamau, abu ɗaya ta koya mana: rauninta ne haɗari. Ba mu saba jin cewa garkuwa kan juyo ta sari mai riƙe da ita ba.

Za a iya cewa suna ba ya warkarwa, kuma rashin kuɗi ne ke tsayar da mutane a kemis. Gaskiya ne. Sai dai iyalin da suka san abin da ke gabansu sukan sayar da akuya a rana ta biyu, maimakon rana ta shida. Maganin kashe ƙwayoyin cuta da ƙarin ruwa suna ceton rai idan an fara su da wuri, kuma jinkirin sa'o'i kaɗan na iya sauya labari.

Shawarata ita ce malaman harsuna na Jami'ar Ahmadu Bello su zauna da likitocin asibitin koyarwa na Shika su tsayar da kalma guda, gidajen rediyo su yayata ta. Tawa gudummawar ita ce “boren garkuwa”. Wanda ya fi ni ya kawo tasa.

Kafin nan, mai karatu, idan mara lafiya ya fara haki, ko ruɗewa, ko fitsarinsa ya ragu sosai, ko hannuwansa suka yi sanyi, ko jariri ya ƙi kama nono, to a bar kemis a nufi asibiti a wannan sa'ar, ko da jikin bai yi zafi ba. Allah ya jiƙan maƙwabcina, ya ba marayunsa mai tallafa musu.