Ƙuri'ar Da Ba A Ƙidaya Ba

Ran 18 ga Maris, 2025, Shugaban Ƙasa Bola Tinubu ya kafa dokar-ta-ɓaci a Jihar Ribas, ya dakatar da Gwamna Siminalayi Fubara da mataimakiyarsa da Majalisar Dokokin jihar har wata shida, ya danƙa mulki ga tsohon hafsan sojan ruwa, Ibok-Ete Ibas.

Ko ya yi daidai ko ya yi kuskure, Tsarin Mulki ya riga ya ajiye masu tantancewa. Sashe na 305 ya ce irin wannan doka ba ta ɗorewa sai kashi biyu cikin uku na dukkan 'yan kowace majalisa sun amince, watau wakilai 240 cikin 360, da sanatoci 73 cikin 109.

To, ran 20 ga watan sai majalisun biyu suka amince da baki kawai. Aka ɗaga murya, aka buga guduma, aka tashi. Yaushe kunne ya fara ƙidaya? Wane shugaban majalisa ne zai saurari hayaniya ya rantse cewa makogwaro 240 ne suka amsa, ba 200 ba?

An ture zaɓaɓɓun jiha sukutum, amma waɗanda aka ɗora wa alhakin bin diddigin gwamnati ba su ko yarda a rubuta sunayensu ba. Dokar ta ƙare a Satumba, Fubara ya koma kujerarsa. Mutumin Fatakwal kuwa ba shi da wata takarda da zai duba ya ga inda wakilinsa ya tsaya a ranar.